Yatsan Baba Tara

A wurin aiki Magogi ake ce masa, don aikinsa ke nan, gogewa. In an rataye ɗan wasa da igiya aka ce tashi sama yake yi, Magogi ne zai goge igiyar. In fim na zamanin da ne kuma wayar lantarki ta leƙo ta bayan katanga, shi za a kai wa. Shekara goma sha shida yana zaune a wani ɗaki mai taga ɗaya, a saman shagon masu sayar da taya, daga shi sai kwamfuta biyu da fanka mai ƙugi. Aikin nasa irin wanda in ya yi kyau ba mai sanin an yi ne.

Ya san abubuwan da masu kallo ba su sani ba. Ya san ruwan saman da ya sa mutane hawaye a wani fim ɗinsu ruwan tiyo ne aka zuba masa madara, don ruwa zalla ba ya fita sosai a kyamara. Ya san taron mutum ɗari uku mutum talatin ne ya yi ta maimaitawa, har wani mai koriyar riga ya fito sau goma sha ɗaya yana tafa wa kansa. Akwai dokin da ya manta bai yi wa inuwa ba saboda sauri, ya yi ta gudu a tsakar rana kamar aljani. Ba wanda ya taɓa hawo benen nan ya yi ƙorafi.

Wannan karon aikin ya shigo masa gida. Baba Tara, mijin gwaggonsa, tsohon ɗan wasa, ya rasu ana saura fitowa ɗaya a gama fim, fitowar ƙarshe, inda zai tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu ya yi sallama da 'yarsa. Darakta ya je ta'aziyya, ya zauna ya yi ta murza hannu, daga baya ya roƙi Gwaggo ta bari a sa wani ya tsaya a madadinsa, a ɗora masa fuskar marigayin daga hotunan da aka riga aka ɗauka. Gwaggo ta amince da sharaɗi ɗaya: kada a canza mata shi. Za ta gani da idonta kafin kowa, in ta ce a'a, a yanke fitowar gaba ɗaya. Darakta ya yi alkawari a gaban dangi. Magogi kuwa, da bakinsa ya ce mata shi zai yi aikin da hannunsa.

Direban kamfani aka sa, don tsawonsu ɗaya da faɗin kafaɗa. Aka sa masa rigar marigayin, ya tsaya, ya ɗaga hannu, aka ɗauka, kowa ya watse. Magogi ya kwashe sati uku yana ɗora fuska, ta zauna daram har da ɗan karkata kan nan da tsohon ke yi in zai yi magana. Ranar Talata da hantsi yana dubawa ta ƙarshe, sai idonsa ya sauka a kan hannun. Ya ƙirga. Biyar.

Ba a banza ake ce wa mutumin Baba Tara ba. Kafinta ne kafin ya shiga wasa, zarton inji ya cinye masa ƙaramin yatsan hagu tun yana saurayi. Duk wanda ke wurin ɗaukar nan ya san haka, shekara da shekaru suna tsokanarsa da shi, amma hankalin kowa ya tafi kan fuska, ba wanda ya tuna ya ce wa Direba ya lanƙwashe yatsa ko ya ɗaga dama.

Darakta ya hawo yana haki, ya duba, ya ce wannan ai ba komai ba ne, wa ke zuwa silima ƙirga yatsu? Magogi ya ce akwai mutum ɗaya. Darakta ya ce to a juya hoton, hagu ta koma dama. Magogi ya nuna masa agogon bango da rubutun da ke jikin ƙofa, duk za su juye, ga kuma tabon da ke kuncin tsohon zai yi ƙaura. A sake ɗauka fa? An rushe ɗakin da aka haɗa don fim ɗin, an mayar da katakon. Darakta ya ce shi dai ranar Alhamis ƙarfe huɗu fim zai bar ginin nan, da yatsa ko ba yatsa.

Daƙiƙa goma sha biyu hannun ke a sama. Kowace daƙiƙa hoto ashirin da biyar ce, hoto ɗari uku ke nan, kuma hannun motsi yake, ba yadda za a bar wa kwamfuta ta yi da kanta. Sai ya goge yatsan a kowane hoto, ya cike gurbin da launin ƙofa, ya zana ɗan dungun da ya saura. Dungun ya fi ba shi wahala, don ya san shi. Da shi tsohon ke dungure masa kai yana ƙarami.

Ya yi Talata, ya yi Laraba. Idonsa ya yi ja, wuyansa ya ƙage, mai sayar da taya na ƙasa ya leƙo ya tambaya ko wani ya mutu a saman ne, shiru ya yi yawa. Alhamis da ƙarfe biyu ya gama ɗari biyu da ashirin da biyar. Saura daƙiƙa uku, kuma su ne na ƙarshe, inda hannun ya fi kusa da kyamara. A lokacin ya ji takun Gwaggo a matakala, tana hawa tana hutawa.

Ya ba ta kujerarsa, ya kashe fanka don ta ji murya. Darakta ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Magogi ya yi niyyar ya faɗa mata tun kafin ya kunna, amma sai kawai ya kunna. Tsohon ya fito a allo, ya karkata kai, ya ɗaga hannu. Gwaggo ta dafe bakinta da gefen mayafi. Daƙiƙa tara hannun mijinta ne. Sai yatsa ya tsiro.

Ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta ce ya tsayar a nan. Ya tsayar, ya fara bayani, cewa laifinsa ne, lokaci ne ya ƙure, in ta ce a yanke ba wanda zai ga laifinta. Ba ta ko dube shi ba.

"Wannan hannun Direba ne," in ji ta. "Na san shi, shi ke miƙo mini saƙo ta taga. Na Babanku ya fi wannan kauri."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ita da ta aure shi, zarto ya riga ta. Shekara arba'in da ɗaya, ba ta taɓa ganin hannun nan a cike ba, ko a hoto. Yakan ce mata yatsan da ya tafi shi ne mafi kyau a cikinsu, ita ta yi rashin sa'a.

Darakta ya yi gyaran murya, ya tambaya a hankali ko a yanke.

"Ku bar shi ya yi sallamarsa. Ni kaɗai ce mai ƙirgawa, na kuwa ƙirga."

Darakta ya sunkuya ya yi godiya, ya karɓi fim ɗin ya sauka da gudu, ko huɗun ba ta yi ba. Gwaggo ba ta tashi ba. Ta tambayi Magogi, tunda ya iya cirewa, ko ya iya sawa? Ba a hannun Direba ba, a hannun mai shi. Hoto ɗaya kawai take so, a wanke mata a takarda.

Ya nemo wata tsohuwar fitowa inda Baba Tara ya dafa tebur da hannu biyu. Ya yanko ƙaramin yatsan dama, ya juya shi, ya kawo shi kan dungun hagu. Shekara goma sha shida yana gogewa, yau ga shi yana ƙari. Ya ɗan rage tsawon, ya ɗan ƙara, ya rasa inda zai tsaya. Ya juyo ya ce, "Gwaggo, haka yake, ko ya fi haka tsawo?"

"Ina na sani, ɗan nan? Ai shi ya sa na ce ka yi."

Ta jawo kujerar kusa da allo, ta ce ya ƙara kaɗan.