Hoton Amaryar Bena

Shagon Gladys ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, a kan hanyar da ta bi ta bayan bariki a Zuru. Dilka take yi wa mata, da halawa, da lalle, da turaren jiki. A Maiduguri ta koyi aikin, lokacin da aka kai mijinta soja can. Da ya rasu ta dawo gida da yara biyu da wannan sana'a. Man bilicin kuwa ba ya shiga shagonta. Duk wadda ta zo neman fari, sai ta ce mata, "Ni fata nake wankewa ta yi sheƙi, ba na canja mata launi."

Hannunta na da kyau, amma ba ta iya talla ba. Takan wuni tana korar ƙuda, sai fa in ƙawarta Peculiar ta leƙo hira. Tare suke waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, kuma Peculiar ta taɓa aiki a shagon buga katin biki, ta san abin da ke jan ido.

"Maman Japhet, kin sa wa kowa kuɗi ɗaya, shi ya sa kowa ke tayawa," in ji ta wata rana. "Raba shi uku. Ƙarami, na tsakiya, da na amare. Mace in ta ga uku, na tsakiya take ɗauka, don kada a ce ba ta da shi."

Haka aka yi. Ta kuma sa Gladys ta riƙa rage farashi a tsakiyar wata, lokacin da albashin matan bariki ya ƙare, kuma duk wadda ta kawo ƙawarta a yi mata lalle kyauta. Sannan hotuna: hannu ko kafaɗa, kafin dilka da bayanta, a saka a WhatsApp. Da wayar Peculiar ake ɗauka, domin kyamarar Gladys ta tsage. Lambobin kwastomomi ma a wayar Peculiar suke. Kafin damina ta ɗauke, sai da Gladys ta sayi benci na biyu.

Mutum ɗaya ce ta yarda a ɗauki fuskarta: Bushira, amarya daga Bena, baƙa mai kyau, wadda kwana uku na dilka suka sa fatarta ta zama kamar an shafa mata zuma. Ta ce a ajiye hoton a shago don nuna wa amare, kada a saka shi ko'ina. Gladys ta yi mata alkawari.

Da Disamba ta shigo, lokacin bukukuwa, sai benci ya fara zama wayam. Peculiar ma ta rage zuwa, ta ce ciwon baya ke damunta. Gladys har farfesu ta aika mata.

Ran nan da hantsi Bushira ta faɗo shagon ba sallama. Ta zaro takarda daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur.

"Anti, me na yi miki?"

Fosta ce, an yage ta daga bango. A hagu Bushira ce kafin dilka, an ƙara mata duhu. A dama ita ce dai, an mai da ta fara sol. A sama an rubuta: FARI CIKIN KWANA BAKWAI. A ƙasa farashi uku, kowanne ya gaza na Gladys da ɗari biyar, sai lambar waya. Gladys ba ta buƙaci karanta lambar har ƙarshe ba.

"Ƙanen mijina ne ya ciro ta a tashar mota," in ji Bushira. "Yanzu uwar mijina cewa take da mai na yaudari ɗanta."

Gladys ta rufe shago ta hau kabu-kabu zuwa inda fostar ta kwatanta, wani sabon shago a bayan kasuwa. Monica da Dinah, kwastomominta na tun farko, suna zaune a ciki.

"Ga mai shagon nan ma ta iso," in ji Monica da fara'a. "Ashe kin buɗe reshe ba ki gaya mana da bakinki ba!"

Peculiar ta fito daga bayan labule, hannunta duk farin mai. Ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Reshe kika ce musu?" Gladys ta tambaya.

"Wa ya tsara farashin? Wa ya ɗauki hotunan? Sau nawa na ce miki mata fari suke so, kika ƙi ji? Kasuwar da kika zubar na tsinta."

"Da sunana? Da fuskar matar mutane?"

"Hoto ne kawai, Maman Japhet."

Gladys ta kau da kai daga Peculiar. Ta juya ga matan ta ce, "Nan ba wurina ba ne. Abin da za a shafa muku, ban san shi ba." Monica ta ɗauki jakarta ta biyo ta. Dinah ta ci gaba da danna waya.

Kwana biyu Gladys ta yi tana bin bangon tasha da sandunan lantarki tana ɓamɓare fosta, har farcenta ya karye. A rana ta uku ta shiga motar Bena. Ta durƙusa gaban surukar Bushira ta faɗi yadda aka yi, ba ta ɓoye sakacinta ba. Tsohuwar ta kama hannun Bushira ta fito da ita haske, ta duba gaɓoɓin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta duba bayan kunne, sannan ta saki hannun.

"To, na gani. Allah ya kyauta."

Bushira ta rako ta har ƙofar gida.

"Na gode da kika zo, Anti. Amma ƙanwata da za a aurar a Janairu, ba wurinki za a kawo ta ba."

"Na gane," in ji Gladys.

Ta gyara ɗankwalinta, ta kama hanyar tasha a ƙafa.