Faten Inna

Duk shekara idan kaka ta yi, yayyen Safara'u biyu sukan dawo Ɗansoshiya a kwashe amfanin gonar gado, kuma duk shekara sai sun ɓata mata rai a kan fate. Ladan, babbansu, hatsi yake sayarwa a Kwanar Dangora, Mujitaba kuwa malamin makaranta ne a Doguwa. Mutanen kirki ne, ba su da rowa. Amma da ta ajiye musu kwano sun kai cokali biyu baki, sai su dubi juna.

"Ya yi daɗi, Auta," in ji Ladan, "sai dai bai kamo ƙafar na Inna ba."

Maganar nan tana ci mata rai. Inna ta rasu Safara'u tana rarrafe. Ba ta san muryarta ba, babu hoto, zannuwanta ma sun daɗe da mutuwa. Abin da ya rage mata na uwarta shi ne labarin faten da ta riƙa yi musu a shekarar fari, wanda suka rantse ba su ƙara cin irinsa ba. So take ta dafa shi ko sau ɗaya, ta ji hannun uwarta a bakinta.

Sai dai shaidun nata ba su taɓa yarda da juna ba. Ladan ya ce yakuwa ce da dakakkiyar gyaɗa. Mujitaba ya ce ina, rama ce da busasshen kifi, har yau yana jin ƙamshin. Ta gwada na wannan, ta gwada na wancan. Shekarar da ta haɗa duka a tukunya ɗaya, sai ga su sun haɗa kai, abin da ba su saba ba, suka ce ta yi ɓarna.

Bana da ta gaji, ta yafa mayafi ta nufi rugar bayan gari wajen Goggo Tasalla, tsohuwar da ta yi ƙawance da Inna tun tana kawo nono gidan. Bayan doguwar gaisuwa ta zayyana mata komai. Tsohuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Kifi? A shekarar nan ko kyanwa ba ta ga kifi ba. Gyaɗar ma su suka zuba abarsu daga baya."

"To wane ne mai gaskiya, Goggo?"

"Duka. Abin da ta tsinto ran nan shi za ta zuba. Yau yakuwa, gobe rama, jibi tafasa. Kowa ya riƙe ranar da yunwa ta fi cinsa. Tsaki tafin hannu ɗaya, ruwa, gishiri, shi ke nan. Tun safe suke wuni ba su sa komai a ciki ba, 'yar nan, ko dusa ta dama musu cewa za su yi da zuma aka yi."

Safara'u ta dawo gida tana murmushi ita kaɗai, irin na wadda ta ƙulla wani abu.

Ranar yankan dawa ta sallame su da koko tsararo, ta ce ƙosai bai samu ba. Da azahar suka aiko, ta ce itace ne ɗanye. Da la'asar ta ce yanzun nan. Manya biyu masu furfura da tumbi, waɗanda suka manta yadda ake wuni da lauje, suka shigo gida gab da magariba suna jan ƙafa. Ladan ko sallamar kirki bai iya yi ba.

Ta ajiye musu ƙaramin kwano ɗaya. Tsaki ne da tafasa da gishiri, ko mai babu. Ta koma bakin ƙofar madafa ta zauna a kan turmi.

Babu wanda ya nemi cokali. Suka sa hannu, fate na ƙona su suna hurawa, Mujitaba yana ture hannun wansa kamar ba shi ne mai tsawata wa yara a aji ba. Can Ladan ya tsaya, ya lashi yatsa a hankali.

"Wannan ne."

"Shi ne," in ji Mujitaba, baki cike. "Ka ji kifin ko?"

Safara'u ta tuntsire da dariya, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa Ladan ya ɗago ya gan ta hannu wayam. A ƙoƙarinta na kada ta cika tukunya, ta manta ba ta rage wa kanta ba.

"Ke ina naki?"

"Ku ci kawai, Yaya. Na ɗanɗana a bakin murhu, na ƙoshi."

Hannun Ladan ya tsaya a cikin kwano. Ya dubi turmin, ya dubi yadda ta ɗora haɓa a tafin hannu, sannan ya dubi ƙanensa.

"Haka Inna take zama," ya ce. "Kuma haka take cewa, kullum. Mu kuwa muka yarda."

Yau, da furfurarsu, suka gane Inna ba ta taɓa ƙoshi ba a shekarar nan. Mujitaba ya share ido da bayan hannu, yana dariya yana cewa hayaƙi ne, alhali wuta ta daɗe da mutuwa.

Safara'u ba ta motsa daga kan turmin ba. Shekara da shekaru tana neman uwarta a tukunya, ashe zamanta da maganarta tana tafe da su ba ta sani ba.

Ladan ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya taso ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Ungo, Auta. Wannan karon ba mu yarda ba."