Rigar Sanyin Malam Siddiƙ

Tunda aka yi wa Ni'imatu canjin wurin aiki daga Tambuwal zuwa asibitin Kebbe, ba ta saba da kowa ba. Ɗaki ɗaya ta kama a bayan kasuwa. In ta taso aiki sai ta yi la'asar, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗauko kwarashinta da zaren ulu.

Rigar sanyi take saƙa wa mahaifinta, Malam Siddiƙ, tsohon malamin firamare da ke zaune shi kaɗai a Tambuwal tun rasuwar mahaifiyarta. Zaren siriri ne, ruwan toka, don ta san ba ya son kaya mai nauyi. A gaban rigar ta yi ado irin na kitso, layi yana hawa kan layi. Wurin nan ya ba ta wuya. In ta ɓata ido ɗaya, sai ta warware aikin yini ta sake. Da tsohuwar taguwarsa ta yi awo.

Duk Juma'a tana kiransa a waya.

"Lafiya lau nike, ɗiyata," yakan ce. "Ki tsaya ga aikinki."

Da damina hanya ta lalace, ga ƙarancin ma'aikata, ba ta samu zuwa gida ba sai da aka fara sanyi. Ta hau babur da rigar a jaka.

Ta tarar da shi a zaure yana jin rediyo. Bayan sun gaisa ta miƙa masa. Ya shafa adon gaban da yatsa, sannan ya zura ta a kan taguwarsa. Kafaɗun suka zubo, hannuwan suka rufe yatsunsa. Sai a lokacin ta lura da yadda wuyansa ya rame.

"Baba, mi as same ka?"

"Babu komi. Tuwo na, ba ya ciyuwa ga mutum ɗai."

Ta shiga madafi. Murhun ya daɗe bai ga wuta ba, sai kwanon fura a gefe. Ta tsaya a nan har ta gama share hawayenta, sannan ta hura wuta.

Da suna ci ta ce ya ba ta rigar ta rage ta.

"Bar ta hakanan," ya ce. "In kin tafi da ita, da mi nika zuwa masallaci?"

Kafin ta koma ta je wurin Goggo Hinde, ƙanwarsa da ke Jabo, ta roƙe ta ta dawo gidan da zama. Goggo ta ce sai ta gama sussukar gero.

Ran Lahadi ya rako ta bakin titi sanye da rigar, ya naɗe hannuwan. Ta isa Kebbe da magariba, ta buɗe ɗakinta, ta dafa shinkafa. Kaɗan ta ci, ta rufe sauran.