Maɓallin Kora

Hassane ya sake danna maɓallin, mutum dubu huɗu suka fita daga birnin ta ƙofar gabas. Ƙanana ne a allon, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka. Sai muryar mahaifiyarsa ta fito daga sifika: "To jama'a, mu yafi juna. Abin da muka yi muku, da sani da rashin sani, ku yafe mana. Mu dai mun yafe."

"Ka ji ko?" in ji Mish'al da Larabci. Shi ne mai kamfanin, shi ne kuma kafilin Hassane, wato mai tsaya masa a takardar zaman ƙasar. "Wallahi tsohuwar nan zinariya ce."

Su bakwai ne a ofishin, a hawa na uku na wani bene a unguwar Safa da ke Jidda, suna ƙera wasan kwamfuta na kafa daula. Ciwon irin wannan wasa sananne ne. Farkonsa da daɗi, kana haƙa rijiya kana tsoron maƙwabta, amma da ka cinye rabin duniya sai ka zauna kana kallon taswira kamar mai gadin sito. Aka ce Hassane ya nemo abin da zai dami sarki a ƙarshen wasa. An zaɓe shi saboda digirinsa na tarihi, wanda sai yanzu aka gano amfaninsa, da kuma wani dalilin da kowa ya yi ladabin ƙin faɗa.

Shi kuwa ya kawo baƙi: mutanen da suka zo wucewa suka zauna, suka hayayyafa, da harshensu da unguwarsu. In suka yi yawa, 'yan gari su fara gunaguni. Sarki zai iya gina musu makarantu, aikin shekara talatin a lissafin wasan. Zai kuma iya korarsu da dannawa ɗaya. Don mai dannawar ya ji kunya, Hassane ya ɗauki muryar uwarsa a waya. Ya ce mata wasan matafiya ne, ta faɗi abin da ake faɗa in za a bar unguwa.

Lama, wadda ke bin diddigin masu gwada wasan, ta juyo masa da allonta. "Da can ɗaya cikin uku ke kora, suna zaton tsine musu take yi. Da muka sa fassara a ƙasa, sai ya koma takwas cikin goma. Wani ma ya rubuto cewa bai taɓa ganin wasan da ke yafe wa mutum ba."

"Zan canza muryar," in ji Hassane.

"Alhamis za mu fitar da shi," Mish'al ya ce. "In tsinuwa kake so, kawo tsinuwa mu gwada. Amma yau. Yalla, yi sauri."

Bayan la'asar Hassane ya isa unguwar Madain Fahd. Ya tarar da mahaifiyarsa Barakatu a falo, ta baje faranti tana ƙulla yaji a leda don masu tsire. Shekararta arba'in a Jidda, har yanzu in ta ce "gida" Damagaram take nufi.

"Inna, muryarki nake so kuma."

"Waccan ta lalace?"

"A'a. Yanzu faɗa za ki yi. Ki ce Allah ya isa."

Ta ɗago kai. "Ga wa?"

"Ga sarki. Na cikin wasan."

"Me ya yi mini?"

Ya shirya ƙarya tun a mota, mai kyau, har da 'yan fashi a ciki. Amma ya ji kansa yana faɗin gaskiya, rabi Hausa rabi Larabci, don Hausarsa kan gudu in ya ji kunya. Ya ce ba matafiya ba ne, korarsu ake yi. Ya ce duk wanda ya kore su, muryarta ce ke sallamarsa.

Barakatu ta ƙulla leda biyu kafin ta yi magana.

"Ranar da aka kama Ikilima ba takardar iƙama, ko sallama ba ta yi da kowa ba," ta ce. Ƙanwarta ke nan, da aka mayar gida tun Hassane na firamare. "Wankinta ni na kwashe daga igiya. Waɗannan naka, ana barinsu su yi sallama?"

"Ana barinsu."

"Da kayansu?"

"Ƙunshi ɗai-ɗai."

"To sun fi ta sa'a. Su nawa aka kora?"

"Yau kaɗai an yi wajen miliyan. Amma Inna, ba mutane ba ne, zane ne."

"Zane ne ka zo har nan fuskarka kamar an yi rasuwa?" Ta ture farantin gefe. "Ba zan tsine wa kowa ba, ina da jikoki a garin nan. Kuma ba zan bar mutane su fita bakin rufe kamar ɓarayi ba. Ka bar musu muryar." Ta dube shi. "Shi abin korar, wa ya sa shi? Balarabe?"

Mish'al yana nesa, ba zai ji ba, kuma ba zai damu ba.

"Ni ne, Inna. Ni na kawo shawarar."

Ta jawo farantin ta ɗebi yaji da cokali.

"Halas, ya wuce. Na yafe maka. Miƙo min ledar can."

Ya miƙa mata. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, nan take ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Ya ciro waya ya rubuta wa Mish'al cewa a bar muryar yadda take.