Ranar da Direba Ya Hau Saman Bene

Da sassafe Direba ya sa matarsa ta ciro masa farar rigarsa daga ƙasan akwati. Ta goge ta, ta kawo, har ta miƙa hannu za ta sa masa kamar yadda ta saba tun dawowarsa daga asibiti, sai ya dakatar da ita.

"Bari. Yau da kaina zan sa."

Ta ja da baya ta jingina da ƙofa tana kallonsa. Hannun dama ya shige salin-alin. Na hagu kuwa sai da ya kamo shi da ɗan'uwansa ya cusa, kamar mai zura tsumma a cikin kwalba. Kafin ya gama da maɓallai gumi ya jiƙa masa wuya, kuma na saman ya shiga ramin da ba nasa ba. Matar ta gani, ta bar shi haka. Ta san halin kayanta.

Rabin rayuwarsa a kan sitiyarin babbar motar haya ya yi ta, har ranar da ya sauko zai sha ruwa ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Hawan jini ne, in ji likita, ya taɓa masa ɓarin hagu. Baki ya dawo daidai, hankali garau, amma hannu da ƙafa sun zama kamar na aro. Tun da aka ɗauko shi ranga-ranga aka hawo da shi gidan hayarsu da ke hawan ƙarshe, duniyarsa ta tsaya tsakanin gado da kujerar falo da banɗaki, da sanda a hannu.

Yau kuwa ranar farko ce ta sabuwar shekara, ba mai zuwa aiki. Shekara da shekaru, irin wannan rana abokansa uku a gidansa suke yini. Can saman bene suke hawa, su shimfiɗa tabarma a inuwar tankin ruwa, a sha shayi, a buga karta, a yi musu a kan abin da bai shafi kowa ba. Bana matarsa ta ture teburin falo gefe, ta shimfiɗa tabarmar a nan ƙasa, ta jera matasai.

Tela ne ya fara isowa, muryarsa ta riga shi shigowa. "Uwargida, ina angon naki? Kai, ka ga mutum kamar ba shi ya kwanta ba! Wa ya ɓalla maka maɓallin nan a karkace? Ka ɓata mini ɗinki." Bayansa Ticha ya shigo da ledar lemo da ayaba, yana cire takalmi a hankali kamar mai shiga ɗakin jarrabawa. Na ƙarshe Sifana ne, makaniken da ya daɗe yana gyara motar Direba, ƙato mai ƙarancin magana. Ya riƙe hannun Direba ya girgiza, ya zauna, kujera ta yi ƙara.

Hira ta yi daɗi da farko. Ticha ya ba da labarin ɗalibin da ya rubuta masa amsa ɗaya ga duk tambayoyin jarrabawa, wai ko ɗaya za ta dace. Tela ya kwaikwayi tafiyar wani mai kawo masa ɗinki da ya ƙara ƙiba amma ya rantse wandon ne ya tsuke. Direba ya yi dariya har da ƙwalla. Aka zuba shayi, aka yanka biredi, ƙamshin kazar da ake soyawa a kicin ya cika ɗakin. Sai aka ɗauko karta.

Direba ya jera nasa a kan cinya, yana ja da hannu ɗaya. Ya ci wasan farko. Ya ci na biyu. A na uku ya lura Tela ya zaro kati, ya dube shi, ya mayar, ya jefa wani da ko yaro ba zai jefa ba. Ticha kuma ya yi tari ya kau da kai.

Direba ya kife katinsa.

"Tela."

"Na'am, babban direba."

"Tun muna samari kake ɓoye kati a ƙarƙashin cinyarka. Yau ina yake?"

"Haba, ai na tuba. Sabuwar shekara ce."

"Ɗaga cinyar."

Tela ya ɗaga. Babu komai.

Abin ya soki Direba fiye da allurar asibiti. Ya jure a ɗaga shi, ya jure a wanke shi, ya jure 'yan dubiya masu yi masa magana da ƙarfi kamar kunnensa ne ya shanye. Amma a ce Tela, Telan da ko da kakarsa yake wasa sai ya cuce ta, shi ne yau yake bar masa ci saboda tausayi? Ashe ba wurin aboki suka zo yini ba, dubiyar mara lafiya suka zo.

Ya jawo sandarsa. "Ku naɗe tabarmar nan. Sama za mu."

Ticha ya gyara tabarau. "Ɗan'uwa, sannu ba ta hana zuwa. Ga falo da fanka, me aka rasa?"

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Na daɗe."

Matarsa ta fito daga kicin da cokali a hannu. "Maigida, me nake ji?"

"Abin da kika ji."

"Likita ya ce ka riƙa tafiya a inda yake shimfiɗe."

"Ya kuma ce ƙafar da ba a ba ta aiki ba, ba za ta nemi aiki da kanta ba. Kina wurin."

Ta dubi Sifana. Shi kuwa ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce, "In goya ka."

"In ka goya ni, kai ka hau, ba ni ba. Ka tsaya a bayana kawai. Kada ka taɓa ni sai ka ga na nufi ƙasa."

Matakalar tana nan dab da ƙofarsu. Siririya ce, ta siminti, da ƙarfen riƙewa a gefen dama. Tana hawa ta karya kwana a wani ɗan fili, sannan ta miƙe zuwa ƙofar rufi. A da da tiren shayi a hannu yake haye ta yana waya. Yau da ya ɗaga kai sai ya ga kamar an ƙara mata tsawo da dare.

Ya miƙa wa Ticha sandar, ya damƙi ƙarfen. Ya tuna abin da ma'aikaciyar asibiti ta koya masa: mai lafiya ce take fara hawa, ta jawo 'yar'uwarta. Ya ɗora ta dama, ya tattara ƙarfinsa, ya ja. Ta hagu ta biyo tana jan ƙasa, yatsun suka bugi bakin matakala, sannan ta hau. Ya tsaya ya numfasa. Ya sake.

"Ƙafar kulos ce take gardama," in ji shi yana haki, yana nufin ta hagu, wadda yake taka kulos ɗin mota da ita.

"Ai tun tana lafiya ba ta iya sakin kulos ba," in ji Sifana daga baya. "Nawa ka ƙona mini?"

Dariya ta kusa kayar da Direba. Ya ƙara riƙe ƙarfen, ya ci gaba. Rigar da aka goge ta manne masa a baya, gwiwar dama ta fara rawa don ita take ɗauke da kayan mutum biyu. Yana jin numfashin Sifana a ƙeyarsa, yana kuma jin matarsa a ƙasa tana addu'a ƙasa-ƙasa. Da ya ɗora ƙafa a filin kwanar, sai ta hagun ta lanƙwashe gaba ɗaya. Bai faɗi ba, ya dai zame a jikin bango har ya kai zaune.

Ya rufe ido. Zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Abin da ya fi tsoro shi ne ya buɗe ido ya ga fuskokinsu.

Muryar matarsa ce ta fara zuwa, ba rawa a cikinta. "Tela, matsa mini. Ticha, miƙo matashin nan." Ta cusa masa matashi a baya, ta ba shi ruwa a kofi, ta tsaya har ya shanye. Sannan ta juya ga sauran. "To, tunda motar ta tsaya a nan, a nan fasinja za su ci abinci. Ba zan bar kazata ta huce ba."

Haka aka yi. Filin bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, sai da aka ninke ta biyu. Sifana ya zauna a matakalar ƙasa ya toshe hanya da faɗin bayansa, Ticha ya hau ta sama ya ɗora faranti a gwiwa, Tela ya takure a lungu. Aka kawo shinkafa da kaza, aka ɓare lemo. Wata maƙwabciya ta sauko daga rufi da kwandon shanya a ka, ta yi turus.

"Lafiya, bayin Allah?"

"Lafiya lau," in ji Tela. "Sabon falo muka buɗe. Ki bi ta kan Sifana, ba ya cizo."

Ta tsallake su tana dariya, ta ce wa Direba, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ta wuce da cinyar kaza da aka tilasta mata.

Iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar rufi, tana busar masa da gumi. A hankali bugun zuciyar ya lafa. Ya ci abinci fiye da yadda ya ci a kwanakin nan duka. Da aka kwashe kwanuka ya ce a raba karta. Wannan karon Tela ya lallasa shi ba sani ba sabo, ya kuma yi masa waƙar tsiya a kai. Ticha ya kama hannun Telan yana zaro kati daga cikin hula, musu ya kaure, har Sifana ya ce in ba a yi shiru ba zai tashi kowa ya gangara. Direba yana jingine da bango yana jin su, wani sanyi yana ratsa shi.

Rana ta karkata. Ticha ya dubi agogo, ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi, an yi rabi. Rabin nan ma ba kaɗan ba ne. Sauran a bar wa wani jiƙon."

Direba ya dubi ƙofar rufin. Haske yana zubowa ta ramukan tsatsar da ke jikinta. Ya taɓa gwiwarsa ta dama, ya ji ta daina rawa. Ya motsa yatsun hagu a cikin takalmi, suka amsa kaɗan.

"Ban taɓa sauke fasinja a rabin hanya ba," ya ce. "Sifana, tashe ni tsaye. Tashin kawai."

Sifana ya sa hannu a hammatarsa ya miƙar da shi, ya sake shi. Matarsa ta raɓa ta gefensu ta haye, ta zare sakatar ƙofar, ta buɗe ta, ta tsaya a bakin tana riƙe da ita don kada iska ta maido.

Wannan rabin ya fi na farko wuya. Hannun da yake riƙe ƙarfen ya gaji, tafin ya yi zafi. Sau da yawa ƙafar hagu takan maƙale a bakin matakala, sai ya koma da ita ya sake ɗagowa daga ƙugu. Ya daina kallon sama, ya tsayar da ido a kan matakalar da ke gabansa kaɗai. A wani wuri jikinsa ya yi baya, ya ji tafin Sifana ya dafa tsakiyar bayansa.

"Ban faɗi ba."

"Ban riƙe ka ba. Ƙuda na kore."

Ya ci gaba. Can sai ya ga ƙafafun matarsa a gabansa, da silifas ɗinta mai tsinkakken gefe, sannan simintin rufi mai ɗumi. Ya ɗora ta dama, ya jawo ta hagu, ya miƙe. Iska ta bugi fuskarsa.

Komai yana nan yadda ya bar shi: tankin ruwa da ɗigonsa, igiyoyin shanya, tsohuwar tayar da yake zama a kai. Ya karɓi sandarsa, ya taka har bakin katanga. Ga rufin gidaje, ga yara suna ƙwallo a lungu, ga babban titi ya yi fayau saboda hutu. Wata motar haya ta zo kwanar gidan mai ta shige da gudu.

"Dubi wancan," ya ce. "Ko sigina bai sa ba."

Matarsa ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin kicin ne bai sake ta ba. Sannan ta sa hannu ta ɓalle maɓallin rigarsa na sama ta mayar da shi raminsa, bai hana ta ba.

Aka hawo da tabarma da butar shayi. Ya kishingiɗa a inuwar tanki, abokan suna ta musu a kan ko shekarar da ta wuce ta fi ta gabanta zafi. Bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba, su kuma ba su tashe shi ba sai da inuwa ta rufe rufin duka.

Saukowa da zaune ya yi ta, matakala bayan matakala, Sifana a gaba, Tela a baya yana kukan wandon da ake gogewa a siminti. Da suka kai ƙofar falo ya ce wa matarsa ta bar tsohuwar kujerar roba a filin kwanar nan, don gobe da safe zai buƙaci wurin hutawa. Ta ce sai dai jibi, gobe ƙafar za ta yi tsami. Suka yi ta ja-in-ja har baƙin suka sa takalma, a ƙarshe aka tsaya a kan gobe da yamma.