Gonar Baba Daga Sama

Aikina ba shi da wuyar faɗa, sai dai wuyar yi. Rana tana sauke haske, ƙasa ta shanye wani ta mayar da wani sama. Farin yashi yakan mayar da mai yawa, baƙar laka kuwa ta shanye kusan duka. Ni nawa shi ne in kafa na'ura a fili in auna hasken da yake mayarwa, daidai lokacin da tauraron ɗan'adam ke wucewa da hantsi, sannan in gwada da abin da hotonsa ya nuna. A kan wannan nake digirina na biyu.

Na auna duwatsun Birnin Kudu, na auna fadama da jigawa a Kiyako. Saura iri ɗaya: gonar da aka girbe aka bar karan a kwance. Malamina ya ce idan babu shi kada ma in kawo masa aikin. To wa zai bar maka kara? Wanda ba a kwashe an yi danga ba, shanu sun cinye. Shi ya sa tun da kaka na roƙi mahaifina, Malam Datti, ya bar mini gonarsa ta Sara yadda take. Ya bari. Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya, wai tsufa ya kama shi, bai kula su ba.

Da bazara ta matso aka sake ba ni aron na'urar, na buga masa waya.

"Baba, ran Alhamis da hantsi za a ɗauki hoton gonar daga sama."

"Su wa za su gani?"

"Malamanmu na jami'a, har da na ƙasar waje."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ran Alhamis yayana Ƙasimu ya ɗauko ni a babur daga Gwaram, na rungume na'urar kamar jaririya. Tun kafin mu isa na fara jin ƙaurin toka. Muna shan kwanar kukar da ke bakin gona na hango filin. Babu kara ko ɗaya. An tattara an ƙone, an baje tokar, gona ta yi baƙi ƙirin, tas da ita. A tsakiya an shimfiɗa tabarmi, Baba na zaune cikin farar babbar rigarsa ta Idi, ga ƙannensa da jikoki, kowa ya sha wanka. Har Inna Kubra, da ba ta taka gona, ta zo da sabon mayafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai wata kakar ke nan, 'yan ajinmu su fita su bar ni. Na juya kan Ƙasimu.

"Yaya, da kai aka yi wannan?"

"Ni na kunna ashanar," ya ce. "Wa zai musa wa Baba?"

Na kafa na'urar don kada a ce ban yi komai ba. Su kuma suka ɗaga kai sama suna ƙifta ido a rana, babu mai motsi, har na ce an gama.

Bayan kwana biyu hoton ya fito. Na koma Sara da kwamfuta, na shirya maganganun da zan faɗa masa tun a mota. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, ya ce in nuna masa. Kowane ɗigo a hoton ya kai faɗin tsakar gida, don haka gonar duka 'yan ɗigogi ce baƙaƙe. Guda ɗaya a tsakiya ya ɗan fi sauran haske.

"Mun fito?"

Na sa yatsa a kan ɗigon. "Ga ku nan, Baba."

Ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama.

"Alhamdu lillahi. Tun da kika yi wayar nan ban samu sukuni ba. Na ce manyan mutane za su duba, su ga gonar uban Sa'adiyya kamar juji." Ya dube ni. "Ban dai kunyata ki ba ko?"

Na rufe kwamfutar.

"A'a, Baba."