Sunan Kawu a Tsakiyar Takarda

"Bayahude ne ya koya maka, kuma kana faɗa da bakinka ba kunya," in ji Kamal.

"Bai ce a sa sunan babanka a tsakiya ba," na ce.

"To wa ya kawo takardar?"

Ni na kawo.

Muna tsaye a bayan sito a Al Quoz, unguwar masana'antu ta Dubai, lokacin hutun rana. Kamal ɗan kawuna ne. Da safiyar nan manaja ya kira Kawu Mijinyawa ofis, ya ce za a soke bizarsa, sai dai in ya faɗi wanda ya shirya takardar. Ya ba shi zuwa la'asar. Shekara goma sha ɗaya Kawu yana ɗaure kaya a kamfanin nan. Shi ya kawo ni Dubai.

Fasfo ɗinmu duka suna kulle a durowar manaja. Da mahaifiyar Muhammad, mai tuƙa motar kaya, ta rasu a Kano, sai da ya kwana tara kafin a ba shi nasa. Ina wannan ƙorafin ne Zelig ya ji ni. Tsoho ne Bayahude ɗan Amurka, yana zuwa duk Talata duba injinan sanyi. Ya ce dokar ƙasar nan ba ta yarda kamfani ya riƙe fasfo ba. Sannan ya ba ni labarin kakarsa, mai ɗinki a New York fiye da shekara ɗari da suka wuce. 'Yan mata Yahudawa, baƙi, ba sa jin Turanci, ana kulle musu ƙofa suna aiki. Ita ta riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya, gida-gida, har suka haɗa kai. In za su kai koke, sai su sa hannu a zagaye, kamar bakin faifai, don kada mai gida ya gane wa ya fara.

Ran Juma'a na ɗora murfin tukunya a kan takardar koken a maido mana da fasfo ɗinmu, na zana da'ira. Mu ashirin da uku a ɗaki. Na yi bayani sau biyu. Sai Muhammad ya ce, "Haba, ya za a yi sunan Malam ya jeru da namu?" Kawu ne limaminmu. Aka miƙa masa biro, aka nuna masa tsakiya. Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙen Larabci, sauran muka kewaye shi.

Na gani. Ba a ce wa kawu ya matsa gefe a gaban mutane. Haka na bari aka kai wa manaja takardar.

"Ka ga abin da suke yi a Gaza," in ji Kamal, "amma ka ɗauki shawarar Zelig."

"'Yarsa ma an kama ta a zanga-zangar a tsayar da yaƙin."

"Shi ya gaya maka. Habibi, ka ci gaba da yarda."

Motar Zelig ta shigo. Talata ce. Ya sauko da jakarsa, Kamal ya tare shi da Turanci, ya gaya masa komai, yana nuna ni da yatsa.

Zelig ya ajiye jakar. "A tsakiya? Me ya sa a tsakiya?"

"Babba ne," na ce.

Ya ce akwai ofishin ƙwadago, zai raka mu, zai tsaya shaida.

"Yaushe?" in ji Kamal. "Kafin la'asar? Kai fasfo ɗinka yana aljihunka. Kakarka tana kabari. Khalas, shi ke nan, jeka duba injinka."

Zelig bai tafi ba.

Kawu ya fito da butarsa, ya tsuguna a gindin bango yana alwala. Bai dube ni ba. Ya san ni ne, kuma ya shiga ofis ya fito bai ambaci sunana ba. Ina da wata bakwai kacal a nan. Ƙannena uku ni suke kallo.

"Baba," in ji Kamal, "ka faɗa musu."

Kawu ya wanke ƙafar hagu, ya sa takalmi.

Kamal ya juyo gare ni, ya nuna ƙofar ofis.

"Ɗalhatu, saura awa ɗaya. Wa zai koma gida, kai ko babana?"